Ɗiyata ba ta cin alkama, me zan ciyar da ita?

'Yar'uwa, sannu da jinya. Kin ce likita a Garwa ya tabbatar ɗiyarki na da cutar siliyak, wato cutar da ke sa hanji ya kasa jure alkama, kina tambayar abin da za ta ci. Ki kwantar da hankalinki, cimarmu ta gida ta ishe ta: gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, wake da kifin Binuwai, duk ba su da gulutin, wato sinadarin da ke cikin alkama wanda ke tayar da cutar. Alkama da sha'ir ke ɓata mata hanji, don haka burodi, taliya da fanke ta bar su har abada, ko ta ji sauƙi.

Ɓoyayyar fulawa na fi jiye mata. Masu ɗanwake kan zuba ta, wasu sinadaran ɗanɗano ma akwai ta. In kin ga "blé" (alkama da Faransanci) a jikin leda, ki ajiye. Ƙosai wake ne, amma sau da yawa a man fanke ake soya shi, gara ki soya naki. Sai injin niƙa. Ƙanena, mai irin wannan cutar, ya yi ta gudawa ba mu gane dalili ba, ashe ana niƙa alkama kafin dawarmu. Dole muka koma turmi.

Ki sa a auna mata jini, cutar kan rage shi.