Amoniyam salfet: taki ne kawai, ko yana da wani aiki?

Malam, ka tambaya ko amoniyam salfet taki ne kurum, kuma ko ya fi yuriya. Farin gishiri ne mai saurin narkewa a ruwa, yana ɗauke da naitirojin kashi 21 cikin ɗari da salfa kashi 24. Yuriya tana da naitirojin kashi 46, don haka ta nan ta fi shi ƙarfi. Amma ita ba ta da salfa, kuma shuka mai ƙarancin salfa sabbin ganyayenta ne ke fara yin ɗorawa.

Abin da nake so ka kula da shi sosai: yana ƙara wa ƙasa tsami. Ƙasa mai kanwa-kanwa tana jin daɗinsa. Wadda dama tsami ya yi mata yawa, shekara da shekaru zai gajiyar da ita. Kada ka gauraya shi da toka ko farar ƙasa, domin amoniya za ta tashi, ka ji warinta, naitirojin ya bi iska.

A masana'antu kuwa, mai yawa daga cikinsa yana fitowa ne wajen haɗa sinadarin da ake yin nailan da shi. Ana sa shi a magungunan hana kama wuta, ana tace furotin da shi a ɗakin gwaji, ana kuma zuba shi a ruwan feshin gilaifoset don maganin ya kama ciyawa da kyau.