Zauren Masu Karatu: An ƙwace min shafi, ina zan sami masoyana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mawaƙi ne daga wani ƙauye a ƙasar Jahun. Ina waƙar biki da ta soyayya, ba ni da ubangida, da kuɗin noman rani nake biyan situdiyo. Na tara mabiya wajen dubu tara a TikTok, sai watan jiya aka yi min kutse aka ƙwace shafin. Abokina da ke karatu a Dutse ya ce laifina ne da ban tara imel na masoyana ba. To Malam, ina mutanen garinmu ina imel? Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai shawarar tasa ta 'yan birni ce, sai mun rage mata tsawo kafin ta shige ka.

Shafin nan da kake kuka a kai, tun farko aronsa aka ba ka, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ko ba ɓarawo, mai abu yana iya rufe ƙofarsa. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya wajen awa shida. A shekarar ne kuma gwamnati ta dakatar da Twitter tun watan Yuni, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Abin da yake naka shi ne sunan mutum da hanyar da za ka same shi, a rubuce a hannunka.

Na yi shekaru ina kaɗa fiyano a bukukuwa tsakanin Ringim da Gumel, kuma abin da ya fi yi mana aiki littafi ne mai baƙin bango, irin na masu awo. Da an tashi daga wasa, masu cewa "a tura min waƙar nan" sukan yi layi. Sai mu zaunar da yaro da biro, ya rubuta suna da gari da lamba, a gefe ya sa abin da ya haɗa mu: wan ango ne, mai shagon caji ne, direba ne. Wannan ɗan bayanin na gefe kada ka raina shi, domin shi ke nuna maka wa za ka kira idan kaka ta yi, aure ya buɗe.

Mata su ne ƙashin bayan waƙar biki, amma ahir ɗinka da bin matan mutane kana neman lamba. Ba ƙanwarka littafin ko ƙawar amarya, wadda ta ga dama ta bayar. Kuma kada ka tara su a guruf. Kowa zai ga lambar kowa, kafin sati biyu ya cika da tallar atamfa da rigimar siyasa. Yi amfani da jerin aika saƙo na WhatsApp, wanda kowa zai samu nasa shi kaɗai. Kowane jeri mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Saboda haka a gabanka za a ajiye, kana kallo.

Sai imel. Kusan duk mai babbar waya yana da Gmail, amma mai shagon waya ne ya buɗe masa, ko kalmar sirrin bai sani ba. Wannan kada ka wahalar da kanka. Waɗanda za ka nema su ne masu shirya taro, ma'aikatan gidan rediyo, ɗalibai, da 'yan garinku da ke Legas ko Abuja ko Saudiyya. Ba su da yawa, amma su ke da kuɗin gayyata. Layi kuwa yakan mutu: a rufe shi saboda NIN, ko a daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani ya sayar wa wani. Imel yana nan ko waya ta faɗa rijiya. Abokin naka ya haɗa maka fom a Google Forms, kyauta ne, ka liƙa adireshinsa a sabon shafinka. In za ka aika, zuba adiresoshin a gurbin Bcc don kada wani ya ga na wani. Gmail na barin mutum 500 a rana, ya ishe ka na dogon lokaci.

Me za ka riƙa tura musu? Sabuwar waƙa kwana biyu kafin kowa ya ji, da sanarwar inda za ka yi wasa. Sau biyu a wata ya isa. Yi da muryarka, don ba kowa ke karanta boko ba, kuma ka matse waƙar ta yi ƙanƙanta saboda tsadar data. Wanda ya ce a cire shi, cire shi ba gardama. Lokacin zaɓe za a zo maka da kuɗi a sayi lambobin, kada ka yarda. Cin amana ne, ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023.

Ranar Lahadi ka shiga kasuwar Gujungu ka raba wa masu turi waƙarka kyauta. Amma kafin nan ka koma situdiyo ka faɗi sunanka da lambarka a ƙarshen waƙar, domin in ta bi Xender daga waya zuwa waya ana iya canza sunan da ke jikinta ko a goge shi, muryar ce kaɗai ke tsira.

Littafin kuma ka riƙa ɗaukar hotonsa duk ƙarshen wata kana tura wa imel ɗinka. Nawa na farko a ƙarƙashin katifa na ajiye shi da damina, gara ta cinye min mutanen Babura da rabin na Garki.