Tsakanin muhawara, gardama da lallashi: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Malam, an ba mu jinga a kan insha'in bayani da na muhawara da na lallashi. Ni duk iri ɗaya nake ganin su. Ina bambancin yake?

Amsa: Bambancin yana ga abin da kike nema wurin mai karatu. A na bayani so kike ya sani, a na muhawara ya yarda, a na lallashi kuma ya tashi ya aikata. Ɗauki sauro. In kika rubuta cewa macen sauro nau'in Anofilis ce ke yaɗa zazzaɓin maleriya, kuma likita Ronald Ross ne ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya a 1897, bayani kika yi, babu wurin "a ganina". In kika ce gidan sauro ya fi feshin magani amfani, kin shiga muhawara, domin akwai mai ja da ke, sai kin kawo hujja. In kuwa kika ce wa iyaye kada yaro ya kwana yau ba a rufa masa gidan sauro ba, lallashi ne. Batun bai motsa ba, amma in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ita kalmar insha'i ararriya ce daga Larabci, asalin ma'anarta ƙagawa ko ginawa.

Tambaya: Muhawara ba ita ce gardama ba?

Amsa: A'a, kuma nan ɗalibai suka fi zubar da maki. Muhawara ma daga Larabci take, tana nufin mayar wa juna magana: ka faɗi taka, ka ji tawa. Musu shi ne ƙaryata abin da aka faɗa. Gardama kuwa cijewa ce ko da hujja ta bayyana, shi ya sa ba yabo ba ne a ce mutum ya cika gardama.

Ga yadda takardar muhawara ke tsayuwa. A gabatarwa ka faɗi matsayarka cikin jimla guda, wadda za a iya musantawa. "Ilimi yana da amfani" ba matsaya ba ce, tunda ba wanda ya ce ba shi da. Sannan hujjoji biyu ko uku, kowace da sakin layinta, mafi ƙarfi a ƙarshe. Bayan nan ka ware sakin layi ɗaya ga abokin hamayya, ka kawo maganarsa mafi nauyi kamar yadda shi zai faɗe ta, sa'an nan ka warware ta da "sai dai" ko "duk da haka". Wanda ya tsallake wannan sakin layin gardama ya rubuta, komai kyan Hausarsa.

A kula da dalili da hujja, ba abu ɗaya ba ne. Dalili yana amsa "don me?", hujja tana amsa "ina shaidarka?". "Gidan sauro ya fi, domin yana kare mutum tsawon dare" dalili ne. Alƙaluman da aka tattara ko binciken masana, su ne hujja. "Kowa ya sani" ba ya cikin ko ɗaya.

Tambaya: Wanne ne daidai, lallashi ko rarrashi? Kuma mene ne asalin "shawo kai"?

Amsa: Duka daidai ne, bambancin lafazi ne kawai. Abin kiyayewa a rubutu shi ne "ya lallashe su" da "ya lallasa su": na farko ya kwantar musu da hankali, na biyu ya yi musu dukan kawo wuƙa. "Shawo kai" kuwa daga "shan kai" ne, wato tarar gaban abin da ke neman kuɓucewa. Wasalin "o" na ƙarshe yana nuna jawowa wajen mai magana, kamar fita da fito. Aikin mai lallashi ke nan, ya tari mai karatu ya juyo da shi. Aristotil na Girka, tun ƙarni na 4 kafin Miladiyya, ya ce da abu uku ake yin haka: mutuncin mai magana, taɓa zuciyar mai sauraro, da hujjar hankali. In aka riƙe na biyu kaɗai, romon baka ne kawai ya rage. Kuma dole a rufe da aiki guda takamaimai da ake so a yi, ba "mu gyara" kawai ba.

Tambaya: Karin magana yana zama hujja?

Amsa: Ba ya zama. Ka ce "sannu ba ta hana zuwa", abokin hamayya ya ce "da zafi-zafi akan daki ƙarfe", kun yi kunnen doki, ba wanda ya tabbatar da komai. Wurinsa bayan hujja ne, ya ɗaure ta. A insha'in lallashi ɗaya ko biyu sun isa. A na bayani gara a bar shi, sai fa in shi kansa ake fassarawa.