Shin Sinawa sun bar shayi sun koma gahawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun muna yara da shayi muka san mutanen ƙasar Sin, sai ga shi kwanan baya na ji a rediyo wai shagunan gahawa na can sun fi na Amurka yawa. Da gaske ne? Me ya jawo haka? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kunnenki bai yi miki ƙarya ba. A ƙarshen 2023 ƙididdiga ta nuna shagunan manyan kamfanonin gahawa a Sin sun kusa 50,000, sun sha gaban na Amurka. Sai dai kada ki ɗauka an jefar da butar shayi. Dattijon ƙauye har gobe da gorar koren shayinsa yake yawo. Gahawa ta matasan birni ce, ma'aikatan ofis da ɗalibai, musamman a Shanghai, inda shagunanta suka haura 8,000.

Lokacin da Starbucks, kamfanin gahawa na Amurka, ya buɗe shagonsa na farko a Beijing a 1999, shan gahawa nuna isa ne. A zauna a kujera mai laushi, a biya kuɗi mai kauri, a gan ka. Wanda ya sauya wasan shi ne Luckin Coffee, kamfanin 'yan ƙasa da aka kafa a 2017. Yawancin shagunansa ɗan lungu ne, kanta da injin, kujera ɗaya ko biyu in ma akwai. A waya za ki zaɓi abin da kike so, ki biya tun kina cikin jirgin ƙasa, in kin iso ki nuna lambar da aka turo miki, ki ɗauki kofinki ki wuce. Ko gaisuwa ba a tsayawa yi.

Wannan kamfani fa ya taɓa shan kunya. A 2020 aka gano ya yi ƙarin gishiri a lissafin cinikinsa, aka kore shi daga kasuwar hannun jari ta Nasdaq ta Amurka, ya biya tarar dala miliyan 180. Kowa ya ce tasa ta ƙare. Ashe da sauran kwana: a 2023 cinikinsa a Sin ya zarce na Starbucks. Tsoffin shugabanninsa da aka sallama kuma suka kafa Cotti Coffee a 2022, aka shiga karya farashi har kofi ɗaya ya dawo yuan 9.9 a kuɗin Sin, alhali a Starbucks sai wajen yuan 30.

Ni a ganina araha kaɗai ba za ta yi aikin ba, sai da aka lallashi harshe. Ɗacin baƙar gahawa ba kowa ke jure shi ba, shi ya sa aka kawo mai madarar kwakwa a 2021, ta karɓu nan take. A 2023 har da wadda aka ɗiga wa barasar Moutai, don haka duk wanda tafiya ta kai shi can ya riƙa tambaya kafin ya kurɓa.

Sinawa suna noma gahawar kuma. Kusan duk gahawar Sin daga lardin Yunnan take fitowa, yankunan Pu'er da Baoshan, kuma Pu'er ɗin nan dai ita ce wadda ta yi suna da shayi. Amma ba ta isarsu, sai sun ciko da ta Brazil da Habasha da Vietnam.