Dole ne ma'aikacin gunduma a Amurka ya shiga ƙungiyar ƙwadago?

Malam, ka ce ka samu aiki a gwamnatin gunduma, an miƙo maka fom ɗin shiga AFSCME, wato ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan jihohi, gundumomi da birane, kana tambaya ko tilas ne. Ba tilas ba ne. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a shari'ar Janus, ba a cire wa ma'aikacin gwamnati kuɗin ƙungiya daga albashi sai da yardarsa. Ko ka ƙi shiga, yarjejeniyar albashin da ƙungiyar ta ƙulla da gwamnatin gunduma ta shafe ka, sai dai ba ka da ƙuri'a ranar amincewa da ita. Ni dai zan sa hannu, domin ranar da shugabanka ya kira ka kan ladabtarwa za ka so wakilin ƙungiya kusa. Amma duba jiharka tukuna: a North Carolina doka ta hana irin wannan yarjejeniya.