Dillali ya ce rabi zai ɗauka, cuta ce?

Tambaya: Ni mai zane ne a Zariya. Wani mai gidan baje kolin zane-zane a Abuja ya ce zai riƙa sayar min da aikina, amma rabin kuɗin nasa ne. Wannan ba cuta ba ce?

Amsa: Ɗan'uwa, ba shi ya ƙirƙiro rabin nan ba. Haka galibin gidajen baje koli suke karɓa a Landan da Faris. Dillalin shanu a kara yana haɗa ciniki ya karɓi la'adarsa ran nan, shi kuwa zane yakan yi watanni a bango, ana biyan haya da talla. Ga kuma masu sayen da suka yarda da shi, waɗanda kai ba ka da hanyar kaiwa gare su.

Abin da nake so ka tsaya a kai shi ne irin cinikin. In saye zai yi kuɗi hannu, zai taya da araha, domin asara tasa ce in zanen ya ƙi fita. Irin wannan cinikin Kahnweiler, wani dillalin zane-zane a Faris, ya ƙulla da shahararren mai zane Picasso a 1912: yana sayen abin da ya zana na shekara uku, kowane zane da kuɗinsa gwargwadon girmansa. In kuwa ajiye masa za ka yi ya sayar, zanen naka ne har ranar da aka sallama, kuma a nan matasa suka fi ƙwaruwa, saboda magana ce ta fatar baki kawai.

Don haka ku rubuta. Nawa ne farashin? Wata nawa zanen zai yi a hannunsa? Kwana nawa bayan ciniki za ka ga kuɗinka? In ya lalace, wa zai biya? Sai batun rangwame, wanda ya fi komai jawo rigima: mai saye zai nemi ragi, to daga kason wa za a cire? A ganina ku raba daidai, kuma in ragin zai wuce kashi 10 cikin 100, sai ya kira ka tukuna.

Kai ma akwai naka haƙƙin. In ya sa wa zane naira dubu 400, kada ka sayar da irinsa a gida dubu 150. Labari zai kai ga masu saye, farashinka ya karye, shi kuma ya janye hannu. In har rabin ya yi maka nauyi, nemi ya ɗauki kuɗin firam da na jigila daga Zariya zuwa Abuja.