Amsoshin Tambayoyinku: A Cika Takardar Binciken Hali da Shugabanci ko a Bari?

Tambaya: Ni shugabar makarantar firamare ce a Zariya. Wani ɗalibin digiri na biyu ya kawo mini takardar tambayoyi a kan halina da yadda nake tafiyar da malamai. Ina son taimaka masa, amma gabana na faɗuwa kada amsoshin su kai hannun na sama da ni. In cika ko in ba shi haƙuri?

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, wanda ya ji tsoro irin naki ya san darajar aikinsa ne. Wannan bincike ba sabon abu ba ne. Tun 1939 Kurt Lewin da abokan aikinsa a Amurka suka gwada salon shugabanci uku a kan ƙungiyoyin yara: na kama-karya, na shawara, da na sakin ragama. Da yawa daga cikin takardun yanzu rabinsu na auna halaye biyar, wato son sabon abu, tsare aiki, sakin jiki da mutane, sauƙin kai da saurin shiga damuwa. Ɗaya rabin kuma yana tambayar abubuwa kamar ko kina shawara da malamai kafin ki raba darussa. Babu ci, babu faɗuwa.

Amma kafin ki ɗauki biro, ya nuna miki wasiƙar sashensa mai ɗauke da sunan malamin da ke duba aikinsa, da takardar amincewa da ta ce kina iya tsayawa duk lokacin da kika ga dama. Kada ki rubuta suna. Ki kuma lura da wannan: in ya nemi sunan makaranta da shekarunki da matakin albashinki, an gane ki ko ba suna, domin shugabanni mata a ƙaramar hukuma ɗaya ba su da yawa. Ki bar gurbin nan fayau. In malamanki ma za su cika a kanki, kada takardun su biyo ta ofishinki, ya karɓa da hannunsa cikin ambulan. In ya cika waɗannan, ki taimaka masa, Allah ya ba da lada.

Tambaya: An turo mini saƙo ta WhatsApp cewa in na cika binciken halayen shugabanni za a biya ni naira dubu ashirin, amma sai na fara biyan dubu biyu na rajista, na kuma sa BVN. Ya kake gani?

Amsa: Ƙanena, me kake so in gani? Tun yaushe mai neman taimakonka yake cajinka kuɗin shiga? Mai bincike na gaskiya shi ke roƙonka lokacinka. In yana da hali ya ba ka katin waya ko kuɗin mota, in ba shi da shi ya yi maka godiya. Kuma wace alaƙa ce tsakanin lambar bankinka da ko kai mai haƙuri ne? Yau BVN, gobe a kira ka da murya mai daɗi a ce karanto lambobin da suka shigo wayarka yanzu. Kana karantowa, asusu ya zama kango. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba waɗannan ɓarayin ba ne, su kowa ya san su. Wasannin nan ne na kyauta da ake yaɗawa: amsa tambaya goma ka san irin shugaban da kake. Mutum ya danna, ya ba da izini ba tare da ya karanta ba, ya samu hoton zaki, ya tura wa abokai yana murna. Ku tuna abin da ya fallasa a 2018. Wani malamin jami'ar Kambirij a Ingila ya yi manhajar gwajin hali a Facebook da sunan bincike. Mutum wajen 270,000 suka shiga, amma manhajar ta kwashi har bayanan abokansu, waɗanda ba su san ana yi ba. Facebook da kansa ya ce abin ya iya shafar mutum miliyan 87, bayanan kuma suka faɗa hannun kamfanin Cambridge Analytica mai aikin kamfen na siyasa. A 2019 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Wanda ya san abin da ke ba ka tsoro da abin da ke sa ka fushi ya san saƙon da zai turo maka daren zaɓe. Mu kuwa da hannunmu muke miƙawa, har da kuɗin data daga aljihunmu.

Najeriya ta samu dokar kare bayanan mutane a Yunin 2023, kuma ta ba ka ikon sanin dalilin karɓar bayananka da ikon janye amincewarka. Doka ce mai kyau. Sai dai wa za ka kai ƙara, lambar wayar da aka riga aka kashe? Goge saƙon, ka kuma gaya wa wanda ya turo maka ya daina.

Tambaya: Wani shafi na sayar da shaidar gwajin hali naira dubu goma sha biyar, mai haruffa huɗu. In saya in haɗa da takardun neman aiki?

Amsa: A'a. Gwajin Myers-Briggs ke nan ko kwaikwayonsa, mai raba mutane gida 16, kowane gida da sunansa na haruffa huɗu. Masana da yawa na sukarsa saboda mutum kan sake yi bayan 'yan makonni ya faɗa wani gidan daban. Kamfanin da ke son gwada halinka zai yi da kansa, da kuɗinsa. Ka sa dubu goma sha biyar ɗin a kuɗin motar zuwa intabiyu.

Tambaya: Gwaji ya nuna ni mai shiru-shiru ne, ban dace da shugabanci ba. In janye daga takarar shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarmu?

Amsa: Haba Alhaji! Mutanen da suka shekara suna ajiye kuɗinsu a hannunka sun ce ka fito, waya ta ce ka koma, sai ka bi waya? Gaskiya ne bincike ya nuna masu sakin jiki da mutane sun fi saurin samun shugabanci, amma magana ce ta jimilla a kan dubban mutane, ba hukunci a kanka ba, kuma tsare aiki ma yana cikin halayen da aka ga suna tafiya da shugabanci. Ga shi yawancin tambayoyin a Amurka da Turai aka tsara su. Kunya da kawaici, da ƙin katse babba yana magana, duk takardar na iya lissafa maka su a matsayin rashin kuzari. Je ka sayi fom ɗinka kafin a rufe.